Katifa Biyu a Sa'alaba

Ni ne mai fassara fim a gidan Kawu da ke unguwar Hindawiyya a Jidda, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci shinkafa. Ba wanda ya naɗa ni. Wata rana ce aka sa fim ɗin Turawa, wani ƙato ya shaƙe wuyan rigar wani yana ta surutu, falo ya yi tsit ana kallon bakinsa, ni kuma na ce, "Cewa ya yi uwarka." Aka fashe da dariya. Tun daga ranar ba a kunna fim sai na iso, shekara ashirin ke nan da ɗoriya.

Kada wani ya ɗauka Turanci gare ni. A aji biyu na sakandare na tsaya, ragowar a garejin da nake aiki na tsince shi, a bakin 'yan Filifin da Indiyawa, su ma nasu duk faci ne. In Bature ya faɗi kalma goma, uku nake kamawa. Sauran bakwai ɗin nawa ne, kuma nawan mutane suke zuwa ji. Na sha musuluntar da 'yan daba suna gargarar mutuwa. Na taɓa sa alƙalin Turawa ya nemi shaidu biyu adalai. Akwai matar da ta gudu ta bar mijinta ta bi wani saurayi, na ce yayanta ne ya zo ɗaukarta ganin gida, aka yi ta sa wa saurayin albarka har fim ya ƙare.

Kawu dattijo ne, Bahaushen Sudan. Kakansa ya taso hajji a ƙafa ya maƙale a hanya, shi kuwa a nan Jidda aka haife shi, shi ya sa Hausarsa rabi Larabci ce. Gidansa muke taruwa don shi ke da babbar talabijin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi na gaske, ba irin namu mai tari da fitsari a bango ba. Mukan kai mutum goma sha biyu, amma biyu ne ba sa barin fim ya yi numfashi. Na farko Ladan, mai kiran salla a ƙaramin masallacin bayan layi. Da safe zai ce kallon fim haramun ne, da rana ya riga kowa kama wurin zama, wai ya zo ganin iyakar ɓatan kafirai ne don ya san abin da zai gargaɗi mutane a kai. Na biyu wani tela ɗan Nijar, wanda a wurinsa duk abin da Ingilishi ya yi, Faransa ta riga shi kuma ta fi shi iyawa.

Dokar gidan guda ɗaya ce. Rimot yana hannun mai fassara. In an zo inda mace za ta tuɓe, sai in ce, "Mata," kowa ya sunkuyar da kai, in tura fim ɗin gaba, in ce, "Halas," a ɗago. Ladan kansa ke sunkuyawa, idonsa ba ya sunkuyawa, amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Saboda wannan doka dole in kalli kowane fim ni kaɗai ranar Alhamis da yamma, in san inda ramukan suke.

Sai Tica. Malamin firamare ne a gida kafin ya zo, a nan kuma gyaran mukayyif yake yi. Shi ne mai Turancin gaske a cikinmu, amma bai taɓa karɓe mini aiki ba, bai taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Zama yake a kusurwa da kofin shayinsa, in na shirga ƙaryar da ta wuce misali sai ya yi ɗan tari sau ɗaya. Mutane sun ɗauka sanyin mukayyif ne ya kama masa ƙirji, har Kawu yana ajiye masa zuma.

Ɗaki ɗaya muke da Tica a unguwar Sa'alaba, a saman wani shagon walda. Abin da ke tsakaninmu na san sunan da kuke kiransa, a bakinku na koya, a wa'azi da zagin direbobi. Ku kira shi, ba zan hana ku ba. Ni abin da na sani shi ne shekara goma sha tara mutumin nan yana sheƙa mini shayi tsakanin kofi biyu har ya huce, don ya san harshena ba ya jure zafi, ni kuma ina cire masa albasa daga cikin ful, waken karin kumallonmu, don tana tayar masa da ƙwarnafi.

Katifa biyu ce a ɗakin. Ta bakin taga ita ce tamu. Ta bakin ƙofa mun saya ne don idon baƙi. Kullum da safe kafin mu fita, Tica zai yamutsa zanin gadonta, ya lotsa filo da gwiwar hannu, ya jefa tsohuwar jallabiyarsa a kai. Wata rana tela ya zo karɓar awo, ya zauna a kanta, ya danna soson da hannu ya ce, "Tica, wannan katifa taka ba ta tsufa. Ina ka saye ta?"

Tica ya ce, "Ni ne ba ni da nauyi."

Akwai kuma maganar hannu. Kowa ya san Bahaushe da riƙe hannu. Ƙarti biyu za su taho daga masallaci, ɗan yatsa cikin ɗan yatsa, suna zancen tayar mota, ba mai ɗaga ido ya kalle su. Ladan da tela a haka suke zuwa kasuwa su dawo. A duk Sa'alaba ni da Tica ne kaɗai ba ma riƙe hannu. In muna tafe, amalanken mai kankana zai wuce ta tsakaninmu bai taɓa kowa ba. Har ana cewa zaman haƙuri muke, tsadar haya ce ta haɗa mu.

A shekarar da nake ba ku labari, yayan Tica ya rasu a gida, ya bar 'ya'ya shida da mahaifiyarsu Tica, tsohuwa da ido ya fara gagara. Dangi suka hau waya. Ba su roƙe shi ba, sanar da shi suka yi. Ya je wurin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, aka buga masa fita ta ƙarshe, irin wadda in ka tafi ka tafi ke nan. Muna cin burodin tamis da safe ya gaya mini, idonsa a kan kwano.

"Talata ta sama ne jirgin."

Na ce, "Allah ya ji ƙan mamaci."

Ya ce, "Amin."

Iyakar abin da muka ce ke nan. Mu ba mu taɓa faɗin komai da baki ba, tun farkon fari. Ba a koya mana kalmomin ba, waɗanda aka koya mana kuwa na jifa ne. Bin sa ba zance ba ne. Ni umara na zo na ɓata, ba ni da iƙama, takardar izinin zama, a gida kuma an daɗe da mai da ɗakina shagon cajin waya. Ko da na bi shi, ya shiga da ni gidan marayu ya ce wa tsohuwarsa wane ne ni? Abu ɗaya nake so, ya fasa tafiyar. Kwana goma ina juya maganar a baki kamar tsakuwa, ta ƙi fita.

Finafinan nan wani ɗan Filifin ne a gareji yake zuba mini a filashi. Ranar Laraba ya miƙo mini ɗaya, bai saki ba sai da ya kalle ni ta gefen ido ya ce wannan in kalla ni kaɗai. Ban tambaye shi me ya gani a goshina ba. Alhamis da la'asar, Tica yana wurin ban kwana da kafilinsa, na kunna.

Wani gari ne na bakin teku, kullum ruwa ake yi, kowa cikin kwat kamar mai zazzaɓi. Mutum biyu ne, ɗaya makanikin injin jiragen kamun kifi, ɗaya mai raba wasiƙu a kan keke. Gidan wata tsohuwa suke haya, makaniki a ɗakin ƙasa, mai wasiƙa a ɗakin sama. Ban kai ga ɗaga kofin shayina ba sai ga mai wasiƙa da sassafe ya hau sama da takalmi a hannu, ya shiga ɗakinsa, ya yamutsa gadon da ba wanda ya kwana a kai, ya lotsa filo da gwiwar hannu.

Na tsayar da fim ɗin. Haushi ne ya fara kama ni. Ni da na ɗauka mu biyu muka ƙirƙiro wannan dabara a duniya, ashe wani Bature ya riga ya sa ta a fim yana cin abinci da ita. Na ci gaba. Sai ga su a titi, za su gidan shayi, ɗaya a wannan gefen, ɗaya a wancan, tsakaninsu fili. Wanda ya shirya fim ɗin bai sa kiɗa a wurin ba, bai sa kowa ya yi magana ba, ya dai tsayar da kyamara a kan filin nan na tsakaninsu. Finafinan soyayya nawa na fassara, ana rawa a kan dutse, ana kuka cikin ruwan sama, ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Sai a wannan, a cikin wurin da ba kowa.

A ƙarshe uban mai wasiƙa ya kwanta ciwo a ƙauye, gona ba mai kula, ya tattara zai koma. Makaniki ya rako shi bakin jirgin ruwa. Na kasa kunne sosai a nan, na maimaita sau uku, don in ji yadda masu ilimi suke faɗin abin da ya gagare ni. Makaniki ya ce, "Jirgin ƙarfe huɗu ne." Mai wasiƙa ya ce, "Na sani." Makaniki ya ce, "Ka manta lemarka." Mai wasiƙa ya ce, "Riƙe ta." Shi ke nan. Duk bokonsu, su ma Allah ya ji ƙan mamaci suka yi.

Washegari Juma'ar ƙarshe ce ta Tica, Kawu ya yanka kaji don ban kwana. Na sa filashin a aljihu. Hauka ne, na sani. In mutum ɗaya ya gane abin da yake kallo, ba korar gidan Kawu kaɗai ba ce. Ƙasar nan ba a wasa da wannan magana, ni kuma ko takardar da ke cewa ni mutum ne ba ni da ita. Amma bakina ba ya buɗuwa sai in akwai Bature a gabana yana motsa nasa.

Aka ci, aka wanke hannu, aka ja labule saboda hasken rana. Kawu ya ce, "Yalla, me ka kawo mana? Akwai harbi?"

"Ba harbi. Labarin amana ne. Aminai ne guda biyu, nono ɗaya suka sha, uwar wannan ce ta shayar da wancan. Shekara shida suna gida ɗaya."

Tica ya yi tari. Kawu ya tura masa kwalbar zuma.

Da aka zo wurin yamutsa gado, Kawu ya nuna da carbinsa. "Esh hada? Gado a gyare, ya zo ya ɓata, ya fita. Majnuni ne?"

Na ce, "Camfinsu ne. Wai in ka bar gado a shimfiɗe aljani zai ɗauka nasa ne."

Ladan ya ce, "Ka ji ba. Ga jirgin sama sun ƙera, ga camfi. Da ayatul kursiyyu suka sani da ba su sha wannan wahala ba."

Na saurari tarin Tica. Bai zo ba. Ban juya na kalle shi ba, amma na ji ƙarar kofinsa da ya ajiye a kan tire.

Aka nuno su a titi. Tela ya buga cinya. "Dubi Ingilishi don Allah. Ɗan'uwanka na nono, kana tafiya da shi kamar mai kuturta. A Faransa da tuni sun sumbaci juna a kumatu, hagu da dama."

Ladan ya ce, "Rashin imani ne ke busar da zuciya." Ya kamo hannun tela ya ɗora a kan gwiwarsa ya riƙe, don a ga bambanci.

Daga nan aiki ya yi mini yawa. Da sun shiga ɗakin ƙasa sun tura ƙofa, sai in ce, "Mata." A sunkuya, in tura, in ce, "Halas." Suka je bakin teku, mata. Makaniki ya yanke a hannu, mai wasiƙa yana ɗaure masa, ya ɗago ya dube shi, mata. A karo na biyar Ladan ya kasa haƙuri.

"Wai ni kam, ɗakin gwauraye biyu, ƙofa a rufe, ta ina matan nan suke shigowa?"

"Ta taga, Malam."

"Subhanallahi. Har ta taga."

Tela ya ce, "Kai kuma hannunka ya cika sauri yau. Ko ƙafa ba ka bari mutum ya gani ya yi istigfari."

Akwai inda zazzaɓi ya kwantar da makaniki, mai wasiƙa ya ƙi zuwa aiki, ya zauna yana hura masa miya a cokali. Wannan ban tura ba, ban ƙara komai ba. Na ji Ladan yana jan hanci, ya ce da murya irin ta wa'azi, "Wannan shi ake kira so don Allah. Kafiri ya yi abin da mu Musulmi muka bari. Wa zai hura mini miya a cikinku?"

Tela ya ce, "Matarka biyu a gida, ka koma mana."

Sannan aka zo bakin jirgi. Ga su a tsaye, ga filin nan a tsakaninsu, ruwa yana zuba. Makaniki ya buɗe baki ya ce jirgin ƙarfe huɗu ne. Ni kuma na ce:

"Ya ce, kada ka tafi."

Bature ya rufe bakinsa, ni ban rufe nawa ba. Na danna fim ya tsaya, kamar yadda nake yi in magana ta yi tsawo.

"Ya ce, gidan nan naku akwai wasu mazan, ba kai kaɗai aka haifa ba. Ya ce, da kana aika musu, ka ci gaba da aikawa, ni ma zan ƙara da nawa. Ya ce, su yanzu suka tuna da kai, da suka ga gawa. Ya ce, ni ban iya roƙo ba, ka sani, ko ruwa ban taɓa roƙonka ba. Shekara goma sha tara, ka naɗe su ka sa a jaka kamar tabarma?"

Tela ya ce, "Ɗazu shida ka ce."

"Shekarun Turawa ne, ba ɗaya suke da namu ba."

"Duk wannan ya faɗa a buɗe baki ɗaya?"

Ladan ya ce, "Turanci haka yake, a dunƙule. Bar shi ya yi aikinsa."

Sai aka ji daga kusurwa: "Ba haka ya ce ba."

Kowa ya juya. Shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa cewa uffan a kan fim ba. Na ce a raina shi ke nan, ya gaji, zai faɗa musu zancen jirgin ƙarfe huɗu da lema, daga nan wani ya tambayi to sauran fa.

Kawu ya ce, "Tayyib, ya ustaz. Yau ranarka ce. Kai ka faɗa mana."

Tica ya gyara tabarau. Bai kalle ni ba, talabijin yake kallo. Ya ce, "Na farkon ya faɗi daidai. A amsar ce zai ɓata. Sake shi."

Na saki fim ɗin. Mai wasiƙa ya ce, "Na sani." Na tsayar.

Tica ya ce, "Ya ce, na ji, kuma da ka yi shiru ma na ji. Ya ce, kwana goma ina jira ka faɗa, ina kuma addu'a kada ka faɗa. Ya ce, kuɗi ba ya kai tsohuwa bayan gida, ba ya zuwa makaranta in an kori yaro. Ya ce, in na zauna, duk loma da zan ci a nan da su zan ci ta, kai kuma za ka ga haka a fuskata kullum, har ka tsane ni. Ya ce, gara ka yi fushi da ni ina nesa."

Tela ya ce, "Wace tsohuwa? Ba ubansa ba ne ba shi da lafiya?"

Ladan ya daka masa tsawa, hawaye a gemunsa. "Kai wai ba ka da zuciya ne? Ana maganar amana kana ƙidayar dangi."

Na saki. Makaniki ya ce ka manta lemarka. Wannan nawa ne, kowa ya juyo yana jira. Na nemi ƙarya na rasa, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Ya ce ka manta lemarka."

Mai wasiƙa ya ce riƙe ta. Tica ya ce, "Ya ce riƙe ta." Sannan ya ƙara, "Ya ce kuma kada ka raka ni gaba da nan. Ba zan iya ba."

Jirgi ya tashi, makaniki ya koma gida da lema a rufe a hannu ruwa yana dukansa, rubutu ya fara hawa. Ƙarti goma sha biyu, masu walda da masu dako da direbobi, suna share ido da bakin riga. Mutanen da in sun ji sunan abin za su nemi dutse. Ladan ya rantse sai ya yi wa'azi a kai bayan magariba, ya kuma yi, kwana uku a jere, a kan falalar abota ta gaskiya.

Kawu ya ce a yi wa matafiyi addu'a. Ya kira Tica gabansa, ya kira ni. "Ta'al, kai ma. Shekara nawa kuna ɗaki ɗaya kamar jaki da raƙumi, ko gaisuwar kirki ba a taɓa ganin kun yi ba. Ku ji kunyar Turawan nan mana. Kawo hannunka."

Ya kama hannuna ya sa a cikin na Tica, ya dafa nasa a kai. Ladan ya ja addu'a, kuma Ladan ba ya gajerta addu'a in ya ga jama'a. Ya roƙa wa Tica sauka lafiya, da mace ta gari, da 'ya'ya masu albarka, ana ta amin. Na san hannun nan, na san inda waya ta ƙone shi a gindin babban yatsa, amma ban taɓa riƙe shi da rana a gaban mutane ba sai ranar, da izinin dattijo da addu'ar ladan. Ban ce amin ko ɗaya ba. Ba kuma na so addu'ar ta ƙare.

Ina sa takalmi a bakin ƙofa Kawu ya tsaya a kaina yana jan carbi. Ya ce a hankali, "Fim ɗin nan naka mata sun yi yawa. Ni kuwa ko takalmin mace ban gani ba, in ban da na tsohuwar mai gida."

Na ce, "Hannuna ne da sauri, Kawu."

Ya ce, "Allah ya ƙara masa sauri." Ya koma ciki. Bai sake ta da maganar ba har yau, bai kuma hana ni rimot ba.

Muka tako zuwa Sa'alaba ni da Tica, ɗaya a wannan gefen titi, ɗaya a wancan. Ba mu yi zancen fim ba, ranar ko bayanta. Talata na tafi gareji tun kafin ya ɗaure jakarsa, na kwanta a ƙarƙashin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya na yi ta kwance abin da bai lalace ba. Da na dawo na tarar da kofi biyun nan a wanke, a kife. Katifar bakin ƙofa kuma a shimfiɗe tsaf, ba a yamutsa ba. Bayan sati tela ya zo ya ce tunda mai ita ya tafi ko zan bar masa. Na ce ɗauka. Yana ta yabonta har yanzu, wai kamar ba a taɓa kwana a kai ba.

Tica yakan kira ranar salla. Yara suna ihu a bayansa, yana tambayar jama'a ɗaya bayan ɗaya, ni ma a cikin jama'ar. An yi masa aure a shekara ta biyu. Addu'ar Ladan ba ta faɗuwa ƙasa, in dai a kaina za ta sauka.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne fim ɗin zai zama na gidan. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya ce a sa mana na aminan nan. In aka yi baƙo daga gida, shi ake sa masa, Ladan yana gefe yana ba shi haske tun kafin a zo wurin. Ni kuma in zauna da rimot ina cewa mata, mata, halas. Yanzu ba mai tari a kusurwa. Zan iya cewa Bature ya yi kiran salla, ba wanda zai motsa.

Shi ya sa wata Juma'a na gwada. Aka zo bakin jirgi, na faɗi nawa, mai wasiƙa ya buɗe baki, na tsayar na ce, "Ya ce, to, na fasa. Ya ce mu koma gida, ruwa yana dukanmu."

Falo ya ɗauki hayaniya. Tela ya ce, "Kai, ina. Ba haka Tica ya ce ba."

Ladan ya ce, "Cewa ya yi gara ka yi fushi da ni ina nesa. Ka ji tsoron Allah, kada ka ɓata mana fim." Ya karanto amsar tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake kalma ba, sauran suna taya shi, har da kada ka raka ni.

Na ce, "Haka ne. Na manta."

Na saki fim ɗin, jirgin ya tashi.